Ranar da ɗana ya ɗauke Barwa daga allo

Malama Nadiya, salamu alaikum. Ki taimake ni don Allah, kuma ki yi da wuri. Saura sati uku mutanen Yamai su zo, in sun zo sun tafi magana ta ƙare, kuma a kan wanda bai yi laifi ba za ta ƙare.

Ni tsohuwa ce a Difa, dakakken tattasai nake sayarwa a kasuwa. Mijina ya rasu shekara goma sha ɗaya ke nan. Lakol ban yi ba, karatun manya ne na yi rani biyu a ƙarƙashin rumfa. Da hannuna na rubuta wannan, kwana shida ina yi, don ba magana ba ce da zan zauna gaban mai rubuta wasiƙa in faɗa. Ki gyara yadda za a iya karantawa, ki sauya sunayen mutane kafin ki buga.

Bakwai na haifa. Biyu suka rage mini har bazarar bana, namiji Grema, mace Gumsu. Gumsu tana aure a Barwa wajen Babagana, mai su ne, yana noman tattasai kuma. Yanzu Grema kaɗai ne.

Grema yana aiki a wani kamfanin waya, ba zan faɗi sunansa ba. Ba shi ne mai hawa dogon ƙarfen nan ba, ba shi ne mai sayar da kati ba. A ɗaki yake zaune, ɗaki mai sanyi kamar cikin randa, da ordinater, na'urar nan mai allo, a gabansa. Kamfanin sun haƙa rami sun binne wata waya daga nan zuwa garuruwan bakin Komadugu, fibar suke ce mata, wai gilashi ne a ciki kuma haske ke ɗaukar maganar mutane. Ni dai rami na gani da idona, haske ban gani ba. A kowane gari akwai ɗan ɗaki da inji a ciki, wayar nan ta shiga injin, injin ya ba dogon ƙarfe, mutane su samu rezo, waya ta shiga. Aikin Grema shi ne tsaron injunan nan daga inda yake zaune.

Biron nasu ba nisa da rumfata, sai nakan kai masa abincin rana. Ranar farko ya zaunar da ni a kujera mai juyawa yana ta nuna mini, yana jin daɗi uwarsa ta ga aikinsa. Allon kamar telbijin. A kansa ƴan akwatina ne, zare ya haɗa su. Wannan Difa, wannan Tumur, wannan Boso, wannan Yebi, wannan can ƙurya ta hannun dama Barwa. In akwati kore ne, lafiya lau. In ya yi rawaya, ciwo ya fara. In ya yi ja, ordinater ya kama kuka ke nan sai an kula shi. Ya ce kuma akwatinan ba a warwatse suke ba, gida-gida aka tara su, kamar unguwanni a ƙarƙashin mai gari. Na bakin kogi gidansu ɗaya, na hanyar Maine gidansu ɗaya. Suna da sunan abin da Faransanci, ni gida nake ce masa. Manyan da ke Yamai gidajen suke kallo. In akwati ɗaya ya yi ja, gidan duka ya yi ja a gabansu, sai ka ji waya ta buga.

Tun ranar nan, in na shiga, kafin in ajiye kwano sai na duba ƙuryar dama. Na san kore ba ya nufin ƴata tana lafiya, ba taɓaɓɓiya ba ce ni. Amma dai ina dubawa.

Su uku ne a ɗakin. Babbansu Kolo. Shi aka tura Yamai ya yi wata biyu yana koyon abin, shi aka ba kod ɗin shiga. Sauran biyun aka ce nasu yana zuwa, shekara biyu bai zo ba. To kod ɗin Kolo aka rubuta a bayan kwalin shayi aka manna a ƙarƙashin tebur, kowa da shi yake shiga. Shef, shugaban biron, shi ma ya sani, shi ma da shi yake shiga. Ki riƙe wannan, nan ne abin yake.

Da zafi ya shigo bana, fankar ɗakin inji na Barwa ta mutu. Kullum bayan azahar akwatin ya yi ja, kafin magariba ya koma kore. Kullum Yamai ta buga, kullum shef ya shigo ya sauke wa Grema faɗa a gaban mutane. Sau uku Grema ya rubuta takarda a ba shi mota ya je ya gyara. Aka ce ba gazuwal da za a zuba mata. Aka ce motar tana Gigimi. Aka ce ya jira. Sai kuma aka ce wani babba zai zo duba aiki, shef ya ce ba ya son ganin ja ko ɗaya a allon nan.

Ranar Talata ce, ranar kasuwarmu, shi ya sa ba zan ɓata ta ba. Na shiga bayan azahar, shi kaɗai na tarar. Kolo ya tafi likita, ciwon suga gare shi, ranar awonsa ce. Na ukun yana hutu. Na duba ƙurya, ba Barwa. Na ce Grema, ina garin ƙanwarka? Ya yi dariya ya ce, Ya, haka yake kirana, ta cika surutu, na kai ta ɗakin baƙi ta huta kwana biyu. Ya nuna mini wani gida a ƙasan allon inda suke ajiye sabbin injuna waɗanda ba a fara aiki da su ba. Abin da ke cikin gidan nan ko ya yi ja ba ya kuka, Yamai ba ta ganinsa. Ya ce ran Alhamis in baƙon ya tafi zai maido ta. Ni ma na yi dariya. Ki buga wannan yadda na rubuta, kada ki cire mini shi. Dariya na yi, na ce ya ci abinci kafin ya huce.

Kashegari masu haƙar ƙasar bulo suka tsinke wayar a hanyar Maine. Nan take aka samu mota, aka samu gazuwal, aka tura Grema. Ya kwana takwas a can. Ya manta da Barwa. Injin kuwa zafi ya yi ta dafa shi har ya mutu gaba ɗaya, ordinater bai ce uffan ba. Mutanen Barwa ba wanda ya zo ya faɗa. Ranar da aka buɗe musu rezon an tara su an ce ko ƙuda ya sauka a kan injin nan ana gani daga Difa, to kowa ya zauna yana jiran masu gani. Ni ma na buga wa Gumsu sau biyu a satin nan bai shiga ba, na ce halin rezo ne, na ajiye wayar na ci gaba da dakana. Ban haɗa wannan da wancan ba. Ni da na ga an ɗauke akwatin da idona.

Rana ta shida naƙuda ta kama Gumsu. Haihuwarta ta huɗu, ba ta taɓa ba kowa wahala ba. Da hantsi ta haihu a gida, mace. Jini ya ƙi tsayawa. Ungozoma ta ce a kira motar likita daga Boso, in an kira takan zo. Babagana ya ɗauki waya ya hau tudu, ba komai. Ya ruga bakin ruwa inda rezon Najeriya ke kamawa, layinsa ba ya tafiya a kansa. Motocin gari duk sun tafi kai kaya. Aka ɗora ta a amalanken shanu, cikin yashi, cikin ranar nan. Bayan la'asar suka shiga Boso. Manjo, babban ma'aikacin likitar, ya ɗaga zanen ya mayar. Daga baya ya ce wa Babagana da an kira, da ƙila. Ƙila ya ce, bai ce lalle ba, na tambaya sau biyu.

Ni sai washegari labari ya zo mini a bakin wani direba. Kafin in isa an rufe ta. Ban ga fuskarta ba. Ban yi kururuwa ba, na binne biyar kafin ita, na san yadda ake yi.

Mai garin Barwa ya kai ƙara. Mutanen Yamai suka buɗe cikin ordinater, ashe yana rubuta duk abin da aka taɓa. Suka ce an ɗauke Barwa an sa ta inda ba a gani, kuma sunan da ya fito Kolo. Ranar nan shef ya ɓalle kwalin shayin daga ƙarƙashin tebur, ya ce wanda ya ambaci maganar kod ya nemi wani aiki. Aka tambayi Kolo. Kin san abin da ya ce? Ya ce bai tuna ba, amma idonsa ya yi rauni tun da ciwon nan ya kama shi, ƙila hannunsa ne ya ja akwatin bai sani ba. Ya ce tunda sunansa ne, shi ne. Kirki ya yi masa yawa har ya zama cuta. Aka dakatar da shi, aka ce wasu za su zo daga Yamai su yanke magana. Su ne masu zuwa nan da sati uku.

Yanzu Kolo ba ya fita, ko masallacin unguwa sai an watse. Ƙannen Babagana sun zo ƙofar gidansa sun faɗi abin da ba zan rubuta ba. Ya rame, wandonsa da igiya yake ɗaure shi. Mutum yana zaune yana ganin shi ya kashe mace a kan amalanke, alhali a lokacin yana kan bencin likita ana tsira masa allura a yatsa.

Uwarsa Ya Habiba, rumfarmu ɗaya shekara ashirin. Ita ta zauna da ni kwana bakwai na zaman makoki, ita ta raba sadaka, ita ta kore mini masu dogon surutu. Da sunan ɗanta ya fito, ta zo gidana da rana tsaka. Ta girme ni, gwiwarta ba ta lanƙwasuwa sai ta dafa bango. Ta dafa ta durƙusa a tsakar gida ta ce, uwar Grema, ɗana ya cuce ki, ki yafe mana don girman Allah. Mata na kallo. Na buɗe baki na ce na yafe. Na yafe mata abin da ɗana ya yi. Tun daga nan kowace Juma'a sai ta aiko da kunun gyaɗa wai don mai shayarwa, domin jaririyar tana gidanmu, Aisa matar Grema ce ke ba ta nono tare da nata. Kunun nan ni ban taɓa kai shi bakina ba.

Na jira aka yi arba'in. Wata safiya na tsare Grema a zaure yana shirin fita. Na ce Talatar nan wa ya ɗauke Barwa? Ya ce, Ya, aikin nan ba ki fahimce shi ba. Na ce hasken da ke cikin waya ne ban fahimta ba, wanda na tarar a ɗaki na san shi, ni na haife shi. Sai ya zauna a ƙasa da kayan aikinsa. Ya ce shi ne. Ya ce da labarin ya same shi a Maine bai tuna ba ma, sai da ya dawo ya zauna gaban allon ya ga ƙuryar ba komai. Ya buɗe gidan nan na ƙasa, ya tarar da akwatin ba ja ba, toka-toka, irin na injin da ya daina amsawa. Ya ce tun ranar ba ya gane ɗanɗanon abinci.

Na ce to ka je ka faɗa. Ya ce in ya faɗa korarsa za a yi, kuma masu wannan aiki duk sun san juna, ba kamfanin da zai sake ɗaukarsa har Yamai. Ya ce baki tara ke ci a gidan nan har da jaririyar. Ya ce Babagana zai zo ya ɗauke ƴarsa daga nonon Aisa, ƴaƴan Gumsu ba za su ƙara taka gidanmu ba. Ya ce Kolo yana da gonar tattasai a bakin kogi, saura kaɗan ma ya huta da aiki, ba zai mutu da yunwa ba. Ya ce ai da sun ba shi mota da bai taɓa akwatin ba. Wannan gaskiya ce, na sani. Daga ƙarshe ya ce, Ya, in kika faɗa, ke kika kore ni da hannunki. Ya tashi ya kaɗe wando ya tafi biro. Yanzu shi aka ba kujerar Kolo ya riƙe, an kawo masa kod nasa na kansa. Cikin kwana uku kod ɗin ya zo.

Malama, ban ce shi ya kashe ta ba. Kwananta ne ya ƙare, ko da waya ko ba waya. Ba ramuwa nake nema ba, a wajen wa zan rama? Amma wata biyu ke nan in ya gaishe ni na amsa, shi ke nan, ba na ƙara komai. Abinci na daina kai masa. Rumfa ma na sauya, na ce wa Ya Habiba rana ce ke dukana a waccan, ta yarda, har ta taya ni ɗaukar buhu.

Na je wajen wani malami ban faɗi suna ba. Ya ce rufa asirin Musulmi lada ne. Ya ce kuma barin zalunci a kan wani zunubi ne. Duka biyun na sani tun kafin in cire takalmi. Na fito yadda na shiga.

Ni ma ba tsarkakakkiya ba ce a maganar nan, kin gani. Kuma tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Shi kaɗai ya rage mini. In aka kore shi a kan bakina, ban san ko zai tsaya a kan kabarina ba. In na yi shiru kuma, Kolo ba zai kai kaka ba yadda na gan shi, kuma uwarsa za ta zo mini da kunu har ranar da ɗayanmu ta mutu.

In je wajen shef? In faɗa wa Ya Habiba? In rufe baki in bar wa Allah? Kada ki ce mini in yi haƙuri, haƙuri na san shi tun ba a haife ki ba. Ki faɗa mini inda zan kai ƙafata da abin da zan ce in na isa.

Wata tsohuwa a Difa

AMSA

Iya, wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Gumsu, ya sa haihuwar nan ta zama sanadin rahama a gare ta, ya raya abin da ta bari. Na sauya sunayen kamar yadda kika ce, kuma ban cire miki komai ba.

Abu biyu ne kika ɗauko a kai ɗaya, ki sauke ɗaya. Ko da an kira mota Gumsu za ta rayu, wannan ba mai iya amsa miki shi, manjon ma da ya gan ta bai iya ba. Ki bar shi inda kika riga kika bar shi. Dariyarki ta ranar Talata ma ki bar ta nan: uwa ta ga ɗanta mai ilimin aiki ya ce kwana biyu, ta yarda. Amma maganar Kolo ba ƙaddarar da ta wuce ba ce. Abu ne da ake yi masa yau, gobe ma za a yi, kuma ana iya tsayar da shi. A kan wannan shiru ba ya halatta gare ki, kuma ina jin kin sani, tunda ba ki iya shan kunun ba.

Zan yi wa Grema adalci. Ba mugunta ya yi ba. An matsa masa, an hana shi mota sau uku, an ce ya ɓatar da ja daga allo ba a damu da yadda zai yi ba. Tsoron da yake ji ma na gaske ne, ba zan ce miki ba za a kore shi ba, ana iya korarsa. Laifin ranar Talata nasa ne da na waɗanda suka sa ma'aikata huɗu shiga da suna ɗaya. Amma zaman da yake yi a kujerar Kolo yana kallon mutum yana ramewa, wannan nasa ne shi kaɗai, kuma ya fi na farkon nauyi.

Na kai maganar wajen wani injiniya da ya san irin wannan aiki, ban faɗa masa gari ko kamfani ba. Ya ce ordinater ba suna kaɗai yake rubutawa ba, yana rubuta rana da awa da minti. Kolo kuwa yana da katin likita mai ɗauke da ranar awonsa. Duk wanda ya ajiye takardun nan biyu gefe da gefe zai ga mai sunan ba ya ɗakin. Masu zuwa daga Yamai aikinsu ke nan, kuma ma'aikacin da ke hutu shi ma zai nuna takardar hutunsa. Wa ya rage? Ki faɗa wa Grema wannan. Asirin da yake ganin yana bakinki kaɗai, yana cikin injin da yake tsaro. Wanda ya zo da kansa ya faɗa, da wanda aka tono, ba hukunci ɗaya ake yi musu ba, ko a biro ko a unguwa.

Kada ki je wajen shef. Shi ne ya ɓalle kwalin, kansa zai fara tsarewa. Ki sake zaunar da ɗanki, ki ba shi kwana bakwai, ki faɗi ranar da bakinki. A cikin kwanakin nan ya rubuta abin da ya faru da hannunsa, ranar da ya ɗauke akwatin da dalilinsa, da yadda ake shiga da kod ɗaya da sanin kowa. Ya nemo kwafin takardun nan uku na neman mota ya haɗa, su ne garkuwarsa. Ya nuna wa wakilin ma'aikata, ya riƙe kwafi a gida, sannan ya miƙa wa masu zuwa hannu da hannu, ba ta hannun shef ba. Amma kafin biro, gidan Kolo. Mutumin nan ya cancanci ya ji daga bakin Grema tun kafin ya ji daga takarda. Grema ya tafi da dattijo ɗaya daga dangin babansa wanda bakinsa ke da nauyi.

Babagana kuma ba aikinki ba ne, kuma ba da waya ba. Dattawa su je Barwa tare da Grema bayan an ga Kolo. Babagana zai yi fushi, haƙƙinsa ne. Ko zai ɗauke jaririyar ban sani ba, amma uba ba ya saurin raba ƴar wata uku da nonon da ya karɓe ta, musamman in waɗanda suka zo masa gaskiya suka kawo.

In kwana bakwai sun cika Grema bai motsa ba, ki je wajen Ya Habiba ke kaɗai, ki faɗa mata abin da kika gani ranar Talata da abin da ba ki faɗa ba, ki ce Kolo ya nemo katin likitansa. Ki sanar da Grema tun yanzu cewa haka za ki yi, kada ya ji a bakin wani. Zai ce kin kore shi da hannunki. Ƙila ya yi wata da watanni ba ya duban fuskarki. Ba zan yi miki alkawarin ba za ki yi asara ba, Iya, ta kowace hanya akwai ta. Sai dai ɗan da kike tsoron rasawa, a wata biyun nan gaisuwa kaɗai ta rage tsakaninku, kuma shirun ne ya cinye sauran.

Abu na ƙarshe. Ranar da ya faɗa, ko da son ransa ko don kin tilasta shi, ki daina yi masa shiru daga ranar. Hukunci zai samu isasshe a waje. Shi ma ƙanwarsa ya rasa, kuma duk masu yi masa ta'aziyya ba wanda ya san abin da yake ɗauke da shi sai ke. Ki zaunar da shi ki yi masa ta'aziyyarku ta gida, irin wadda ba ku yi ba tukuna.

Allah ya ba Kolo lafiya ya wanke sunansa, ya ba Grema ƙarfin faɗa, ya buɗe masa wata ƙofa in wannan ta rufe. Ke kuma Allah ya sanyaya miki, ya sa ki gama da duniya lafiya.

Malama Nadiya